Likita, wai ƙashi ne ya tsiro wa ɗana a cikin nama

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah a taimaka a amsa min wannan don wallahi hankalina ba a kwance yake ba. Yarona ne ɗan shekara 12, mai mashin ya kwashe shi a bakin titi yana dawowa daga islamiyya kansa ya bugu da kwalta, yayi kusan sati uku a sume har saida aka sa mai injin numfashi, Alhamdulillahi ya farfaɗo yanzu yana gane mu yana ɗan magana sama-sama. Toh muna cikin murna sai wajen wata biyu da hatsarin muka ga katararsa ta dama ta kumbura tayi zafi, in aka zo zaunar dashi ko canja mai wando sai yayi ta ihu, kuma in na taɓa wajen matsematsinsa ina jin wani abu mai tauri a ciki. Anyi hoto na farko akace ba komai, bayan kamar wata ɗaya aka sake sai ga wani abu fari-fari a gefen gaɓar, likitan yace wai ƙashi ne ya tsiro a cikin nama ya rubuta HO a kati. Ni dai ban gane ba, shi da bai karye a wajen ba? Kakarsa ta dage wai karaya ce ba a lura da ita ba a kaishi wajen mai ɗori, ƙanin babansa kuma yace jifa ne. Ni kuma tsorona kar ace ciwon daji ne, wato kansa. Zai taka kuwa Likita?
*Wata uwa daga Pantami, Gombe*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jinya, Allah ya bashi lafiya ya baki ladan haƙuri. Bari in fara da abun da ya fi tsaya miki a rai. In dai abun da likitanku ya rubuta ne, wato HO (heterotopic ossification, ƙashin da ke tsirowa a cikin nama), toh ba ciwon daji bane, baya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta, kuma ba jifa bane. Ba kuma karaya aka manta ba. Ƙashi ne na gaske, wanda in ya gama nuna har ɓargo yake yi a ciki, illarsa kawai jiki ya gina shi a inda ba muhallinsa ba, wato cikin tsoka da naman da ya kewaye gaɓa.

Ki lura nace kewayen gaɓa, ba cikinta ba, wannan bambancin yana da amfani sosai. Ki ɗauka ƙofar ɗakinki lafiyarta ƙalau, hinjinta bai yi tsatsa ba, sai magina suka zo suka zuba kankare a bayanta. Farko yana ɗanye ƙofar na ɗan buɗuwa da ƙyar, in ya bushe kuma aka barta a rufe toh shikenan a haka zata tsaya. Ita gaɓar ɗanki lafiyarta lau a ciki, abun da ke waje ne ya tokare ta, shi yasa duk aikin da za a yi yanzu shine kar a bari ta daskare a yanayin da bazai iya zama ba.

Kin tambaya ya akayi ƙashi ya fito a ƙafa alhali a kai aka bugu. A cikin tsokar kowa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune suna jiran aikin gyara, in tsoka ta ji rauni su ne ke tashi su dinke wajen, kuma suna iya rikiɗa su zama nama ko kitse ko guringuntsi ko ƙashi, ya danganta da saƙon da ya iso musu. In ƙwaƙwalwa ta samu mummunan rauni, saƙonnin da ke yawo a jini da jijiyoyi suna hargitsewa, ga kumburi na cikin jiki, ga tsoka ta sandare tana ja ba dare ba rana har tana ɗan yagewa a ciki, ga yaro kwance waje ɗaya baya motsi. Duk in suka haɗu sai waɗancan ƙwayoyin su karɓi saƙon da ba nasu ba su kama gina ƙashi. Galibi guringuntsi ake fara yi, daga baya ya sha kalsiyam ya taurare. Likitocin ƙashi ma sun daɗe da lura cewa mai raunin ƙwaƙwalwa in ya haɗa da karaya, karayar tasa kan yi saurin kamawa kuma ta tara ƙashi mai yawa fiye da ta sauran mutane, duk tushen ɗaya ne. Kuma ba sabon ciwo bane da za a ce na zamani, tun 1918 likitoci biyu a Faransa, Dejerine da Ceillier, suka yi bayaninsa a jikin sojojin yaƙin duniya na ɗaya da suka samu raunin laka. A 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya nuna cewa akwai wani sinadari a cikin ƙashi da in aka dasa shi a tsokar dabba sai sabon ƙashi ya tsiro a wajen, shine daga baya aka sa wa suna BMP, kuma yana cikin masu hannu a wannan matsalar.

Ba kowane yaro da ya bugu a kai ke samu ba, kar iyaye su karanta wannan su tada hankalinsu don yaro ya faɗo daga kan gado ya yi ƙulu a goshi. Magana ake ta rauni mai tsanani. A manya, wajen mutum 10 zuwa 20 cikin 100 masu mummunan raunin ƙwaƙwalwa ne ke samun wanda zai dame su, a ƙananan yara bai kai haka yawa ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 kan yara da matasa masu irin wannan raunin ya nuna waɗanda suka haura shekara 11 da waɗanda suka daɗe a sume sun fi shiga haɗarin. Kinga ɗanki ya haɗa biyun. Sauran abubuwan da ke ƙara jawo shi akwai daɗewa a kan injin numfashi, sandarewar tsoka, karaya a kusa da gaɓar, gyambon kwanciya, sai kuma irin yanayin nan da yaro yana sume zaki ga lokaci-lokaci gumi ya keto mai, zuciya na bugawa da sauri, jiki yayi zafi ya miƙe ya ƙage. Katara ce ta fi kamuwa, sai gwiwar hannu da kafaɗa, gwiwar ƙafa ma na samu amma bata kai su ba. Kuma yakan fi zuwa a ɓarin da ya fi sandarewa.

Maganar hoton farko da akace ba komai, kar ki riƙe su a zuciya, ba sakaci bane. Hoton ƙashi kalsiyam yake gani, shi kuwa abun yana ɗanye a lokacin, sai ya ɗauki sati 3 zuwa 6 da fara alamu kafin ya fito a hoto. Lokacin da kika ce kun lura ma daidai yake da yadda aka saba gani, tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu bayan raunin. Sikanin irin na masu ciki yana iya hango shi da wuri in an samu wanda ya ƙware, akwai kuma sikanin ƙashi na musamman da ake yi da allurar sinadari wanda ya fi kowanne saurin ganewa amma ba ko'ina ake da shi ba. Akwai gwajin jini da zaki ga an rubuta ALP, yana hawa in jiki na gina ƙashi, saidai a yara ba a cika dogara da shi shi kaɗai ba saboda yaro mai tasowa dama nasa a sama yake, balle in akwai karaya a wani waje.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, ke da duk mai jinyar irin wannan yaron. Kumburi da zafi da ja a ƙafar wanda ya daɗe a kwance ba kullum bane wannan ƙashin. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, wanda in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa nan take. Yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa ko ƙashi ta tara mugunya. Yana iya zama karaya ce sabuwa, don ƙashin wanda ya daɗe baya takawa laushi yake yi, wajen juyi ma ana iya karya shi. In yaron mai sikila ne kuma toh sai an yi tunanin ciwon ƙashin sikila. Wani lokacin ma biyu ke haɗuwa, sabon ƙashin ya danne jijiyar jini ya jawo daskarewar. Don haka duk ranar da kika ga ƙafar gaba ɗaya ta kumbura har ƙasa, ko zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, ko numfashinsa ya canja yana haki ko yana nuna ƙirji, kar ki ce ai ƙashin nan ne da aka faɗa mana, kar kuma ki jira ranar kilinik, ku tafi asibiti a ranar.

Sai maganar Kaka da mai ɗori. Ki lallaɓa ta cikin girmamawa, ki samu babansa ko wani babba da take jin maganarsa ya nuna mata hoton da idonta, amma dan Allah kar a kai shi. Mai ɗori aikinsa ja da murza da ɗaurewa da karare, kuma ukun nan kowanne guba ne ga wannan matsalar. In aka ja ƙafar da ƙarfi tsokar da ke kewaye da ɗanyen ƙashin zata yage ta yi jini a ciki, shi kuma jiki abun da ya iya a wajen yanzu shine ya mayar da rauni ƙashi, kinga an ƙara mai kayan aiki kenan. In aka ɗaure aka bar ƙafar sati da satuttuka ba motsi gaɓar zata daskare gaba ɗaya. Ga haɗarin karya ƙashin cinyar da ya riga yayi laushi. Haka tsaga da ƙaho da sakiya, ba mugun jini bane a wajen balle a zuƙe, ƙofa kawai za a buɗe wa ƙwayar cuta. Gasawa da ruwa mai tsananin zafi ma a bari, yaron da jijiyoyinsa suka taɓu bazai iya gaya miki ya ƙone ba sai dai ki ga fata ta saluɓe. Addu'a da tofi kuwa a yi ta yi, ba abun da suka hana.

Amma kuma kar tsoro ya sa ki daina taɓa ƙafar, don wannan shine ɗaya kuskuren, kuma ni a ganina ya ma fi yawa a gidajenmu. Yaro na kuka in an motsa shi sai uwa ta ji tausayi tace a barshi ya huta, a jera mai filo a ƙarƙashin gwiwa, ya kwana ya wuni a naɗe. Abun da ake so shine motsi a hankali kullum. Ki je sashen gashi, wato masu motsa gaɓoɓi a asibiti, ki ce su koya miki da hannunki, ba wai su yi ki zauna kina kallo ba. Yadda ake yi, yana kwance rigingine, hannunki ɗaya a ƙarƙashin gwiwarsa ɗaya a diddige, ki naɗo ƙafar zuwa cikinsa sannu sannu idonki na kan fuskarsa, inda kika ji ta tokare ko kika ga ya fara yamutsa fuska toh nan ne iyaka, ki tsaya ki riƙe kaɗan ki mayar, banda dannawa banda girgizawa don ta wuce. Haka za ki buɗa ta gefe ki dawo da ita. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana ya fi ayi sau ɗaya da ƙarfi. Ki daidaita lokacin da bayan ya sha maganin ciwon da aka rubuta mai, da kuma bayan wanka lokacin jiki ya ɗan saki. A riƙa juya shi duk bayan kamar awa biyu saboda gyambo, a riƙa zaunar dashi a kujera gwargwadon yadda zai iya, in likitan gashi ya amince a riƙa kifa shi rub da ciki na ɗan lokaci don gaban katarar ya miƙe. Sauran gaɓoɓin ma kar a manta dasu, musamman gwiwar hannu da kafaɗa, don abun yana iya fitowa a waje fiye da ɗaya.

Abun da ke ɗan ɓata min rai a harkar nan, duk hankalin kowa a kan farfaɗowa yake, daga dangi har ma'aikata, an samu ya buɗe ido sai hamdala, ba wanda ke tuna gaɓoɓi sai an zo zaunar da yaro an ga baya lanƙwasuwa. Alhali motsa gaɓoɓin nan tun yana sume ya kamata a fara, da zarar likitoci sun ce ba haɗari. Mai jinya yana da haƙƙin ya tambaya, yaushe masu gashi zasu fara zuwa?

Zai taka? Abu biyu ne zasu yanke wannan, yadda ƙwaƙwalwarsa ke ci gaba da dawowa da kuma girman ƙashin da inda ya tsaya. Likitoci na auna na katara da mataki 1 zuwa 4, ma'aunin Brooker da aka fitar a 1973, na 1 ɗan ɓurɓushi ne a cikin nama, na 4 kuma ya haɗe ƙashin ƙugu da na cinya. Ki tambayi likitanku nasa wane mataki ne. Da yawa basa kaiwa na ƙarshen, zafi da kumburin suna lafawa in ƙashin ya nuna, yaro ya ci gaba da harkarsa da ɗan ragowar tauri, a yara ma an sha ganin wanda ya ragu da kansa. Wanda ya tokare sosai kuma ana aiki a cire. Tunda yana gane ku yana magana wata biyu kacal bayan irin wannan sumar, alama ce mai kyau. A nan Gombe asibitin koyarwa na tarayya yana da likitocin ƙashi da sashen gashi, ki riƙe ranakun da aka baki, kuma ki adana duk hotunan a leda ɗaya da kwanan wata a jiki don da su ake kwatanta ko yana ƙaruwa ko ya tsaya.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ƙanina ne ɗan shekara 14 ya faɗo daga bishiyar mangwaro bara, yanzu ya warware sosai har ya koma makaranta amma gwiwar hannunsa ta dama ta ƙage bata miƙewa bata naɗewa, ko loma baya iya kaiwa baki da ita sai da hagu yake ci yara na mai dariya. Ance ƙashi ne ya fito a bayan gwiwar amma likita sai cewa yake mu jira, mu jira. Jiran me ake? Ko dai kuɗi ake so mu nemo ba a faɗa mana ba?
*Wani yaya daga Azare*

Amsa: Malam ba lallai maganar kuɗi bace, jiran yana da dalili. In aka cire ƙashin yana ɗanye, baya da iyaka bayyananna da za a bi a yanke, yana zubar da jini sosai, kuma an daɗe ana tsoron zai dawo. Tsohuwar koyarwa ma cewa tayi a jira wata 18 bayan raunin ƙwaƙwalwa kafin a taɓa. Saidai yanzu likitoci da yawa sun sassauta, don an gane dogon jira shima yana da nasa sharrin, gaɓar da ta daɗe a kulle guringuntsinta na lalacewa ƙashin wajen yayi laushi, sai a cire abun da ya tokare amma hannun ya ƙi dawowa yadda ake so. Abun da ake dubawa shine kumburi da zafin sun lafa, gefen ƙashin ya fito tsaf a hoto, mai ciwon kuma ya dawo hayyacinsa yadda zai bada haɗin kai wajen gashi bayan aiki. Yadda ka kwatanta ƙaninka, yana zuwa makaranta yana sarrafa hannun, irinsu ne suka fi cin moriyar aikin kuma nasu bai cika dawowa ba.

Ka koma ka tambaya kai tsaye cikin ladabi, me ake jira ya canja kuma zuwa yaushe. Kafin aiki za a so a yi siti sikan (hoton CT) don a ga inda ƙashin ya bi da kusancinsa da jijiyoyi. Ka duba min abu ɗaya yau ɗin nan, ƙaramin yatsansa da na kusa dashi suna mai dindiris ko tsikari, ko naman tafin hannun ta wajen ya fara ramewa? Akwai jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu ta ciki, wadda in ka buge ta kake jin kamar shokin, in ƙashin ya matse ta toh ba a jira, don jijiya in ta daɗe a matse bata cika dawowa ba. In kuna buƙatar ra'ayi na biyu, ga asibitin koyarwa na ATBU a Bauchi, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano, ku nemi takardar tura mara lafiya ku tafi da hotunanku. Kuma ku sani aikin rabin tafiya ne, gashin da za a fara kwanaki kaɗan bayansa shine sauran, wanda bazai iya zirga-zirgar gashi ba gara ya shirya mata tun kafin a shiga tiyata. A manya akan haska wajen da na'urar da ake gasa ciwon daji don kar ƙashin ya dawo, a yara ana gudun wannan saboda yana iya taɓa wajen da ƙashi ke tsawo kuma akwai tsoron ciwon daji can gaba.

Tambaya: Ƴata ce ƴar shekara 6 tayi sanƙarau lokacin zafi, ta warke amma hannunta na hagu ya naɗe ƙafar ma tana takawa da kan yatsu. Shima ƙashin ne?
*Wani uba daga Kumo*

Amsa: Yana iya faruwa bayan sanƙarau ko ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko yaron da ya faɗa rijiya ko kududdufi ya daɗe ba numfashi, amma a ƴar shekara 6 da irin wannan bayanin na fi zargin sandarewar tsoka ce da gajercewar jijiya, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mai duba ta zai ji bambancin a hannunsa, tsokar da ta sandare in ka ja da sauri tana ƙwacewa in ka bi a hankali tana sakin jiki kaɗan, shi kuwa ƙashi tsayawa yake cak waje ɗaya duk yadda ka lallaɓa. Hoto zai raba gardama. Ka kaita sashen gashi da wuri, akwai takalmin roba da abun ɗaura hannu da ake auna mata, akwai magani irin baklofen da allurar Botox da likita kan bayar in sandarewar tayi yawa. Kuma tunda sanƙarau ne a gwada jinta, yana yawan taɓa kunne iyaye basu ankara ba sai an shiga aji.

Tambaya: Tunda kalsiyam ne ke zama ƙashi, mu daina ba yaron da ƙashin ya tsiro wa madara da nono da ƙwai kenan?
*Wata goggo daga Bajoga*

Amsa: A'a Goggo, ku ci gaba da bashi. Ba yawan kalsiyam a abinci ke kawo shi ba kuma hana shi bazai narkar dashi ba, ƙashinsa na asali kawai za ku raunana. Mai raunin ƙwaƙwalwa yana buƙatar abinci mai gina jiki fiye da kowa a gidan, wake, ƙwai, kifi, kindirmo, kunun gyaɗa, duk wanda ya samu.

Tambaya: Ina da kemis. Na ji ance indometasin yana hana wannan ƙashin fitowa, in iyaye suka zo zan iya basu?
*Wani mai kemis daga Dukku*

Amsa: Gaskiya ne likitoci na amfani da indometasin da danginsa irin ibufrofen don rage fitowarsa, amma rigakafi ne a farkon lamari, baya narkar da wanda ya riga ya taurare. Kuma ba naka bane ka bayar, yallaɓai. Yaron da ya yi zubar jini a cikin kai, ko yake da karayar da bata kama ba, ko ƙodarsa ta wahala a jinya, wannan maganin na iya ja mai gyambon ciki da zubar jini da ciwon ƙoda ya kuma jinkirta kamuwar karaya, sannan awon na yara da nauyin jiki ake yinsa. Asfirin kuma kar a ba yaro haka kawai, musamman in yana zazzaɓi ko mura ko ƙaranbau, akwai wani mugun ciwon hanta da ƙwaƙwalwa da yake jawowa. Akwai wani maganin, etidronet, da aka yi amfani dashi a manya, shima a yara ana ɗari-ɗari dashi don yana hana ƙashi mai tasowa taurara yadda ya kamata. Ka tura su wajen likitan da ya san tarihin yaron.

Tambaya: Likita ni ɗana bai taɓa buguwa a kai ba, shekararsa 5, amma wasu ƙulluma ke fito mai a wuya da baya su yi zafi su lafa su bar tauri, yanzu wuyansa baya juyawa sosai. Ance za a yanki kaɗan a kai gwaji. Kuma tun haihuwa manyan yatsun ƙafarsa gajeru ne sun karkace ciki.
*Wata uwa daga Ningi*

Amsa: Hajiya kafin a sa wuƙa ko allura a wajen, ki nuna wa likitan yara waɗannan yatsun ki ce ya duba ko FOP ne, wato ciwon da tsoka ke rikiɗa tana zama ƙashi. Ciwo ne daban da wanda muka yi ta magana a sama, na ƙwayar halitta ne da ake haihuwar yaro dashi, a 2006 aka gano inda matsalar take a ƙwayar gado mai suna ACVR1, kuma yana da wuyar samu ƙwarai, kamar mutum ɗaya cikin miliyan ɗaya zuwa biyu. Yawanci iyayen lafiyarsu ƙalau, a jikin yaron canjin ya fara. Gajerun manyan yatsun ƙafa da suka karkace tare da ƙulluman da ke farawa daga wuya da kafaɗa da baya sune babbar alamarsa. Ba daga saƙo zan ce shine ba, amma dalilin gaggawar shine a wannan ciwon duk rauni a tsoka yana tada sabon ƙashi, yanka don gwaji, tiyatar cirewa, allurar cikin tsoka, tausa mai ƙarfi, har buɗe baki da ƙarfi wajen cire haƙori. Don haka a dakata da yankan har likitan yara a asibitin koyarwa ya ganshi, in zashi karɓar wata allura ki faɗa musu ana binciken wannan, kuma ki cire mai takalmi a gaban duk likitan da zai duba shi don ya ga yatsun da idonsa.